Kofin Gahawar da Brahim Ya Ajiye

Mutanen gida, ga dalilin da ya sa kuka yi ta kirana ranar Asabar ba ku same ni ba.

Al-Shifa, 4:40 na asuba

Na idar da sallah ke nan Brahim ya kira. Shi ne kukunmu a gidan abincin da nake yi wa kai saƙo a unguwar Malaz, mutumin Maroko ne, ƙauyensu can kan duwatsu yake. Ya ce an yi girgizar ƙasa a yankinsu, lambar kowa ba ta shiga, daga ta mahaifiyarsa har ta ƙanwarsa. Akwai jirgi ƙarfe biyar na yamma, amma ba shi da izinin fita. In ya nema da kansa sai an ɗau kwanaki. In kafilinmu Abu Nasir, mai gidan da takardunmu ke hannunsa, ya danna a wayarsa, minti biyu an gama. Matsalar, tsohon yana jeji wajen raƙumansa, can bayan Rumah, inda babu sabis.

Na ce, "Sa takalminka, ga ni nan."

Al-Oud, 5:15

A bakin titi na same shi da leda ɗaya. Ya sa riga a baibai, ban gaya masa ba. Muka sha mai, na sayi ruwa da burodi na riyal shida. Bai taɓa ba. Bidiyo kawai yake kallo: gidajen laka sun zube kan juna, mutane na tono da hannu, an jera gawarwaki cikin barguna a gefen hanya.

Ya ce, "Wannan ƙauyen, ranar Talata muke zuwa kasuwarsu."

Na ƙwace wayar na jefa a aljihun mota.

Hanyar Rumah, 6:30

Shingen bincike ɗaya muka tarar. Ɗan sandan ya karɓi iƙamarmu, wato katin izinin zama, ya kalli ta Brahim, ya kalli fuskarsa. Da ya ga ɗan Maroko ne, ya ce, "Magribi? Allah ya jiƙan mutanenku." Ya miƙo mana, ko bayan mota bai duba ba. Daga gari zuwa Rumah kilomita ɗari da ashirin da wani abu ne. Daga nan muka bar kwalta. Sau biyu 'yar motata tana kafewa a yashi, Brahim na turawa.

Jeji, 8:50

Wanda ya fara tarar mu makiyayin raƙuman ne, dattijo baƙi da rawani. Na yi masa sallama da Larabci, ya ƙare mini kallo.

"Kai ɗan nan, bar wahal da harshenka. Ɗan ina ne?"

Baba Ilu ke nan, mutumin Damagaram, shekararsa goma sha tara da Abu Nasir. Na zayyana masa komai a tsaye.

Ya ce, "Mai gida ya hana hutu wannan watan, na ji da kunnena. In kuka faɗa masa da magana daga shiga, zai ce sai gobe. Za a zuba muku gahawa. Abokinka ya karɓa, ya ajiye a ƙasa, kada ya sha."

"Baba, a ba mutum abu ya ƙi? A gidanmu mari za ka sha."

"Nan gidanku ne?"

Muka shiga tantin. Abu Nasir na kishingiɗe da baƙi uku. Aka zubo. Ni dai hannuna ya riga hankalina, na ɗaga na shanye. Baba Ilu ya harare ni daga bakin ƙofa, ya ce da Hausa, "Bakanon banza."

Brahim kuwa ya karɓa da hannun dama, ya ajiye a kan darduma. Hira ta tsaya cak. Ashe a wajensu baƙo ba ya ajiye kofi sai yana da buƙata, kuma abin kunya ne gahawa ta huce a gaban mai gida.

Abu Nasir ya tashi zaune. "Sha gahawarka, ɗana. Abin da ka zo nema ka samu."

Bai ma ji mene ne ba tukuna. Da Brahim ya faɗa, tsohon ya yi salati, ya ɗauki makullin motarsa.

Kan tudu, 9:35

Sai da muka yi kilomita bakwai muka hau wani tudun yashi kafin sabis ya shigo. Abu Nasir na laluben tabarau yana danne-danne, ni kuma na miƙa wa Brahim wayarsa, don na taho da ita. Nan take ta hau ƙara. Saƙon murya ne daga wata baƙuwar lamba. Muryar tsohuwa, da yarensu na duwatsu, bai kai minti ɗaya ba. Ya saurara sau biyu, ya zauna a yashi.

"Mama ce. Tana raye. Ta fita duba akuya, ɗakin ya faɗi a bayanta."

Muka ce alhamdulillah.

"Ƙanwata Khadija da 'ya'yanta biyu suna ciki. Maza na tono. Ta ce in taho da likkafani, na ƙauyen ya ƙare."

Abu Nasir ya nuna masa fuskar waya, izini ya fito, kwana sittin.

Batha zuwa filin jirgi

Ƙarfe ɗaya saura muka shigo gari. A kasuwar Batha muka sayi farin yadi. Mai shagon ya tambayi na mutum nawa, Brahim ya ce ya ba shi bandir ɗin gaba ɗaya. Shi ne kaɗai kayan da ya auna a filin jirgi, 2:20. A bakin ƙofar shiga na ce masa ya juya rigarsa. Ya duba, ya ɗan yi murmushi, ya wuce a haka.

Al-Shifa, 4:10 na yamma

Na iso ɗaki lafiya, yashi har cikin kunne. Godiya ga Allah, sai Baba Ilu, wanda na bar wa alkawarin goro. Bayan kwana biyu da tafiyarsa Brahim ya turo saƙo: ya isa, ƙarshen hanyar a kan alfadari, don duwatsu sun rufe titi. An yi wa Khadija da yaran sutura. Ragowar yadin maƙwabta sun raba, bai isa ba.

Ku sa su a addu'a.