Kakata Da Mai Bishara

Mu Maguzawa ne, unguwarmu na cikin gonaki tsakanin Kankiya da Kusada. Babana ya yi jinyar kuturta a asibitin mishan, ya dawo da sauran yatsunsa da sabon addini. Bayan kaka ɗaya aka turo mana mai bishara, wani siririn mutum daga kudancin Zazzau, Hausarsa duk a karkace. Manya ba su cika zuwa wurinsa ba, sai ya koma kanmu yara. Ran Lahadi da hantsi yakan tara mu a rumfar kara, ya koya mana waƙa da addu'a da labarin Yesu, manyanmu kuma ya nuna musu baƙaƙen boko a ƙasa da tsinke.

Kakata, mahaifiyar babana, ba ta yarda da shi ba ko kaɗan. Lokacin ana yaƙin Turawa, ana ɗibar samari a kai su haƙar kuza Jos, waɗansu ba sa dawowa. Da ta ga yana jera mu sahu muna waƙa, sai ta ja babana gefe.

"Wanga mutum mi yake nema ga ɗiyan mutane? Ba ya da gona, ba ya da mata, wa ke ci da shi?"

"Iya, aikin Allah yake."

"Aikin Allah da jera yara kamar soja? Kai dai an ba ka magani an saye bakinka."

Daga ranar ta riƙa bin mu rumfar da abawarta da mazari. Ta zauna a bakin ƙofa tana kaɗi, ido na kansa. In ya ba mu gishiri ko ƙuli-ƙuli, sai ta karɓe nawa ta jefa wa kare, ta jira ta ga abin da zai faru.

Ana nan sai wata Bafilatana mai kawo mana nono ta ce ta gan shi ran kasuwar Kankiya, dogarai biyu sun sa shi tsakiya sun shiga gidan hakimi. Ba a daɗe ba masu ɗiba suka zo suka tafi da samari daga unguwarmu, har da yayana. Nan fa magana ta tashi. Aka ce mai bishara ne ya je ya faɗi gidajen da ke da majiya ƙarfi. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Ni ma na tsorata, in na hango shi a hanyar rijiya sai in ratse cikin gero.

Kakata ba ta iya gulma a bayan ido. Ta ja hannuna muka je ɗakinsa, ta tsaya a waje ko sallama babu.

"Fito ka gaya mani. Nawa aka ba ka a kan jikana?"

Ya fito ya durƙusa. "Iya, ba ni na je ba, kirana aka yi. Ƙarata aka kai."

Ya ce akwai ɗan wani Musulmi na ƙauyen Dudunni da ke kiwon awaki kusa da rumfar, ya ji waƙarmu ya riƙe, ya je gida yana rerawa. Uban ya kai ƙara. A gidan hakimi aka gaya wa mai bishara dokar Bature ta hana a yi wa 'ya'yan Musulmi wa'azi, in aka sake ji za a kore shi daga ƙasar.

"To don mi ba ka faɗi ba?"

"Da na faɗi, da kun je kun yi faɗa da maƙwabtanku."

Kakata ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Bakinka da daɗi. Haka na masu ɗiba yake." Ta juya muka tafi. Amma Lahadin da ta biyo ita da kanta ta ce in tashi mu je, wai gara ta riƙa ganinsa da ya ɓace mata.

Mu kaɗan muka koma. Daga nan ya sauya yadda yake yi. Ya ce ba shi da tabbacin zai daɗe, don haka kowane babba cikinmu ya ɗauki ƙarami ya koya masa abin da ya iya. Ni aka ba ni ƙanwata da wata 'yar maƙwabta, ina koya musu addu'a muna surfe.

Yayana ya dawo da rani, ƙafafunsa a kumbure, yana tari. Kakata ta tsare shi da tambaya tun bai sha ruwa ba. Ya ce shi bai san wanda ya nuna shi ba, mai unguwa ne dai ya shigo da mutanen. 

Da damina ta gaba aka ɗauke mai bishara aka kai shi wani wuri, ba mu ji dalili ba. Ranar da zai tafi kakata ta ƙulle masa daddawa a ganye, ta ba ni in kai, ta ce kada in ce daga wurinta ne. Rumfar kuwa muka ci gaba da taruwa a cikinta mu kaɗai, har gara ta cinye ginshiƙan, babana da yayana suka sari waɗansu suka kafa.