Kafaɗun Kakana

Shekarar da na gama makaranta na dawo gida ba aikin yi, jikina kamar karan dawa. Abokai har cewa suke iska mai ƙarfi za ta kai ni Doguwa kyauta. Haushi ya sa na cika gwangwanayen fenti biyu da siminti, na soka guntun ƙarfe a tsakaninsu, na shiga ɗagawa a bayan rumbu da hantsi.

Kwana biyu da farawa ko buta na kasa ɗauka. Yayata, wadda ke aikin jinya a Bebeji, ta yi mini dariya son ranta, sannan ta ce nauyi yayyaga zaren tsoka yake yi ƙanana-ƙanana, jiki kuma ya ɗinke da abin da ka ci yayin da kake barci, ɗinkin ya fi na da kauri. "Ka ɗaga yau, ka huta gobe. Ka ci wake da kifi, ka bar gaggawa." Na bi maganarta. Cikin wata biyar rigunana suka fara matse ni a kafaɗa.

Kakata ta wajen uba tana cikin waɗanda aka tasa lokacin da ruwan madatsar Tiga ya ci garinmu na asali. Mijinta ya rasu tun ba a haife ni ba, ko hotonsa babu. Tsakanina da ita sai tsokana, kullum ni ne rago mai cin tuwon banza.

Wata la'asar ina wanke hannu a tsakar gida, ba riga, na ba kakata baya, sai na ji motsi. Ina juyawa na gan ta durƙushe, kai a sunkuye, tsohuwar da sai an kama ta take sauka daga gado.

"Sannu da aiki, Malam," ta ce. "Azara nawa suka rage? Ruwa fa ya iso gonar gabas."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta miƙo hannu ta danna ƙasan kafaɗata ta hagu, daidai inda ya kwana uku yana yi mini ciwo, ban kuwa faɗa wa kowa ba. "Har yanzu nan ɗin ne?" Babana ya leƙo, ya daɗe yana kallon bayana. Daga baya ya ce mini bayana irin na mahaifinsa ne sak, mutumin da ya kwashe azarar gidansu a kafaɗa kafin ruwa ya rufe.

Daga ranar ba ta ƙara tsokanata ba. Ba ta cin abinci sai na ci, ba ta haɗa ido da ni. Na tsorata, kuma na ji kamar ni na sace mata hankali. Na tura gwangwanayen ƙarƙashin rumbu don in dawo mata da jikanta.

Tsokar da ba a ba ta aiki, jiki janye abinsa yake yi. Wata biyu riga ta saki, na zauna jiran ranar da za ta sake ce mini rago.

Wata safiya na kai mata koko. Ta kama damtsena da hannu biyu tana matsawa a hankali, kamar mai auna abin da ya rage. Sai hawaye.

"Haka ka fara ramewa wancan karon, Malam, har ka tafi ka bar ni. Don Allah kada ka sake yi mini haka."

Na ce mata, "To, ba zan sake ba," da wata murya da ban san ina da ita ba.