Maganin Tarin Gwaggo Asabe

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina!

An tashe mu aiki da wuri, na biya gidan Gwaggo Asabe mai rainon ɗana Sadiƙu a Gwadangaji. Gida tsit! Na ishe yara reras bisa tabarma suna barci da rana tsaka. Na girgiza Sadiƙu, ko motsi. Leɓensa duk danƙo, ga kwalbar maganin tari a gefe.

Na ce, "Gwaggo, mi kika ba su?"

Ta ce, "Haba ɗiyata, cokali guda ne! In ba su kwanta ba, yaushe zan gama surfe?"

Yanzu muna asibiti, ya farka, alhamdulillahi. Kwalbar nan kuwa, wallahi ni na sayo mata, da ta ce tari na hana ta barci!