Mai Zanen da Ba Ya Buga Aiki Sai Iya Larai Ta Gani

Shekara ashirin da uku ke nan, ƙarfe takwas na safe ba ta yi wa Malam Abdulkahar a gida. Zai ɗaga ƙofar shagonsa a bakin kasuwar Dutse, ya yi shara, ya kunna kwamfuta, ya jira masu kawo aiki: katin ɗaurin aure, kalandar Islamiyya, tambarin shago, sitikar kwalba. Mai dizayin ne, amma kafin ya ja layi ɗaya sai ya tsare ka da tambayoyi kamar alƙali. Wa zai karanta? A tsaye yake ko a kan babur? Boko ya yi ko allo?

Yana da wata ɗabi'a da muka daɗe muna yi wa dariya, har da ni. In ya gama zane, sai ya fita da shi wajen Iya Larai, tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a ƙofar shagon, wadda ko sunanta ba ta iya karantawa. Ya ce, “Iya, me kika gani?” Abin da ta faɗa shi ne hukunci.

A gabana, wata uku da suka wuce, Alhaji Idirisu mai sayar da maganin ƙwarin hatsi a Taura ya kawo aikin sitikar kwalaben maganin. Ya ce a sa hotonsa babba yana murmushi, da kwanon wake a gefe, gargaɗin kuwa a matse shi a ƙasa. Malam ya yi yadda aka ce, ya miƙa wa Iya. Ta juya takardar, ta ce, “Sabon kayan ɗanɗanon miya ne? Ka ajiye min ɗaya, jikokina na son wake.”

Guba ce fa, irin wadda ake sa wa buhu a rufe. Alhaji ya ce, “Malam, cire ni daga ciki. Yi yadda ka ga dama.”

Sau biyar Malam ya sake zanen cikin mako uku. Ya cire kwanon, ya sa jan launi, ya rubuta gargaɗin da boko da ajami. A na biyar Iya ta janye hannu ta ce, “A'uzubillahi, ɗauke min wannan abin daga kusa da gyaɗata.” Sannan ya buga.

Ranar Talata na kai masa aikin bangon littafina, na tarar da kwamfutar a cikin kwali. Ya ɗauko sitikar nan, ya miƙo ta, amma ba daidai inda nake tsaye ba. Ya ce, “Me ka gani? Jan ya fito kuwa?”

Sai a nan ya faɗa min gaskiya. Ashe shekara biyu idonsa na mutuwa, ba wanda ya sani sai iyalinsa. Ashe ana gobe Alhaji zai zo likita ya ce masa ya bar kallon kwamfuta nan take in yana son ya tsira da ɗan ganin da ya rage. Ya ji, ya ƙara mako ukun nan a kai.

Na yi masa faɗa, ban ɓoye ba. Ya ce, “To da wa zan bar wa? Ka ji abin da Iya ta ce game da jikokinta.”

Malam Abdulkahar, kai ne ka ba da sauran ganinka saboda 'ya'yan mutanen da ba su san sunanka ba. Kwalaben nan suna Taura, suna Kiyawa, suna Aujara, ba wadda ke ɗauke da sa hannunka. Mun yi maka dariya, ka yafe mana. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya.

Ku kuma masu zane na yanzu, kafin ku buga, ku fita ƙofar shago ku tambayi tsohuwa. Iya Larai na nan inda take.

Na amsa masa tambayarsa kafin in tafi. Na ce jan ya fito, Malam, daga tsallaken titi ma ana ganinsa. Ya ce, “Alhamdulillahi,” ya laluba aljihu yana neman makullin shago.