Wayar Baba Ba Ta Yi Ƙara Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Sule, mai wankan gawa a ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta. Wajen shekara arba'in yana wannan aiki bayan noma. Shi ke rufe idon mamaci, ya yagi ƙyalle ya ɗaure masa haɓa don kada bakin ya buɗe. Ranar da tasa ta zo, ni na ɗaure masa, kamar yadda ya koya mini.

Abin da ya tuno mini da shi bana shi ne wannan shirmen da ake turawa a wayoyi, finafinan ban tsoro da ake fassarawa da Hausa, wai matattu suna kiran 'yan uwansu ta waya. Waya ta yi ƙara, a ɗaga, sai a ji muryar wanda aka binne bara. Kai jama'a! Mutumin da ake yi wa tambayar kabari, shi ne zai samu sukunin neman lamba? Masu shirya wannan abu na tabbata ko makara ba su taɓa ɗauka ba. Da Baba na nan, tsaki ɗaya zai ja, ya tambaye su da wane baki mamacin ya yi magana, alhali an ɗaure shi.

Da abin ya tsaya a kan masu kallo, da ko alƙalami ban ɗauka ba. Amma ya shigo mana gida. Matar ƙanena ta nuna wa Inna, mahaifiyarmu, irin fim ɗin, wai don ta yi nishaɗi. Inna ba ta san wasan kwaikwayo ba, abin da ido ya gani ya faru ke nan. Ta tono tsohuwar wayar Baba daga ƙasan adaka, ta sa aka yi mata caji. Tun daga nan ta tare a gindin rumbu, inda sabis ke kamawa, da wayar a cinya. Ba biki, ba gaisuwar mara lafiya, abinci ma sai an yi da gaske. Tsohuwa ta rame a idonmu tana jiran kira.

Na yi nasiha, na kawo malami, duk a banza. Rannan da hantsi haushi ya kwashe ni, na kira lambar Baba a gabanta. Wayar cinyarta ko motsi. Sai wani ɗan kasuwa ya ɗaga daga Dawanau, yana tambaya gero nake so ko dawa. Ashe an daɗe da bai wa wani layin Baba.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Can Inna ta ce, "Ai na sani, Habu. Da ransa ma ba ya ɗaga waya. Kawai dai ban taɓa ce masa na yafe masa ba, shi ma bai ce mini ba."

Wannan ciwon masu fim suke taɓawa don a yi ihu a tafa musu. Tir da wannan sana'a.

Baba bai bar mana murya a na'ura ba. Ya bar bokitin wanka, da mutum huɗu da ya koya wa aikin, har yau su ake kira. Inna kuwa ta miƙo mini wayar, ta ɗaga hannu ta faɗa wa Allah abin da ta yi wata uku tana jiran ta faɗa wa Baba. Allah Ya kai masa.