Wayar Ƙarƙashin Gadon Thorkild

Thorkild Overgaard maƙwabcina ne a Vorupør, wani ƙauyen masunta a bakin teku. Rayuwarsa duk a jirgin kamun kifi ya yi ta, bai taɓa aure ba. Da ciwon gwiwa ya raba shi da teku, sai ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki daga hannun magadan wani mamaci. Yana bin gaɓa da ita, inda yunwa ta kama shi ya tsaya ya ci baƙin burodi da kifi.

Matsalarta ɗaya, batirin ɗakin ba ya cika. Ya kai ta garejin Bodil, 'yar ƙanwarsa. Ta sa babbar altaneta, na'urar da ke cika batir, ta ja waya mai kauri, ta kankare tsatsa a duk mahaɗa. Da ta auna, wuta na fita lafiya daga inji, amma kafin ta isa batir ta ragu.

"Kawu, wani abu na shan wutarka a hanya."

"Ke dai ki ce aikin ya fi ƙarfinki."

"To gwani, zo riƙe mini fitila."

Suka bi wayoyin har suka tarar da wata siririya ta shige bayan katako, ƙarƙashin gado. An kafe wurin da ƙusoshi, tsohon fenti ya rufe kawunansu. Suka ɓalle katakon. Ƙaramin bargon lantarki ne a ciki, tsakiyarsa a lotse kamar yanzu aka tashi daga kai, ga farin gashin dabba birjik. Bodil ta taɓa lotsin, ta janye hannu da sauri. Ya fi gefen ɗumi.

Ta datse wayar. Ranar batir ya cika taf.

Washegari da rana tsaka Thorkild na shan kofi cikin motar a bakin teku, sai ya ji ana karce katako a hankali. Ya leƙa, babu komai. Sai wani abu mai sanyi ya jingina da ƙaurinsa, yana rawar ɗari.

Ya koma gareji fuska a ɗaure. "Mayar da wayar nan."

"Kawu, lafiya?"

"Na ce mayar da ita, yarinya."

Ta mayar, ta ƙara fiyus don gudun gobara, ba ta sake tambaya ba.

Har yau batirin bai ƙara cika ba. Ina ganinsa ta taga idan ya dawo. Yakan buɗe ƙofar motar, ya matsa gefe, ya jira jim kaɗan yana kallon ƙasa, sannan ya rufe.