Irin Cittarmu a Gindin Mangwaro

Bakina ne ya jawo taron. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, na gaya wa abokaina cewa yayata ta dawo daga jami'a da wani ruwa mai jin maganar citta. Na ce in ka jefa masa ɗan gutsure, zai faɗa maka ko tana da ciwo, har da sunan wanda ya sa mata. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, don na ga sun saki baki. Kafin in kai gida labarin ya riga ni isa, har ya cire takalmi ya zauna a falo.

Abin da Yaya ta kawo bai kai yadda na zuzuta shi ba. 'Yan kwalabe ne na roba, ba su kai ɗan yatsana tsawo ba, da ruwa ja-ja a ciki. Ta ce wasu ɗalibai ne a wata ƙasa suka ƙera abin da ke gane ƙwayar cutar da ke ruɓar da citta, suka sa yadda ake haɗa shi a intanet kyauta. Da can, in ji ta, kowane ɗakin bincike da salon rubutunsa, sai ka karanta aikin wani ka kasa maimaitawa. Yanzu masu irin wannan aiki suna ta komawa tsari ɗaya, shi ya sa ita da abokan karatunta suka haɗa nasu ba tare da sun tambayi kowa ba. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya gwada ya mayar da sakamakonsa can, a wannan tsarin, mai daɗi ko mara daɗi. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ni launin ruwan ne ya burge ni.

Daminar da ta wuce citta ta mutu a yankinmu. Daga wajen Kachia aka fara jin labari, sannan ta iso mu a hanyar Madakiya. Ganye ya yi rawaya ya kwanta, in ka tona sai ka ciro abu kamar dafaffen dankali mai wari. Akwai gonakin da ko akuya sai ta kau da kai in za ta wuce. Tamu kuwa rabinta ta tsira. Baba ya tara irin a gindin mangwaron bayan gida, ya rufe da busasshiyar ciyawa, kullum da safe sai ya gaishe shi kafin ya gaishe mu. A coci ana cewa Ubangiji ya ƙetare gidanmu. Baba ya yi wa gidajen da suka rasa komai alkawarin zai ɗiba musu.

A wajenmu ba a yanka iri a kaɗaice. Kafin ruwan fari, matan zumunta na coci suna bin gida gida, kowace da wuƙarta da kwanonta, su zauna suna waƙa suna yanka cittar ƙanana ƙanana, kowane yanki da idonsa. In sun gama da wannan gida su wuce na gaba da wuƙaƙen nan. A bana gidanmu ne na farko a layi.

Washegarin ƙaryata, tsakar gidanmu ya cika. Kowa da ɗan ƙullin cittar da ya samo, wasu daga kasuwar Kafanchan, wasu daga dangi. Yaya ta harare ni harara mai cire fata, amma ta fito da kwalabenta. Takan murje gutsure, ta ɗiga ruwansa, ta jera kwalaben a cikin fulas ɗin shayin Mama da ruwan ɗumi, sai a jira. In ruwan ya tsaya ja, lafiya. In ya koma rawaya, akwai cuta. Ni na naɗa kaina mai shela, ina riƙe da murfin fulas kamar na wani babban ofis. Da farko ana dariya. Da rawaya ta fito sau biyu a jere, dariyar ta ragu, mutane suka fara matsar da ƙullinsu nesa da na juna.

Baba yana zaune a gefe yana gyaran fartanya, bai kalli wajen ba. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda gonarta ta ƙare ƙurmus kuma tana cikin masu jiran alkawarinsa, ta juya gare shi.

"Baban yara, naka fa? Mu da za mu shuka shi, bari mu gani mana."

Ya ce nasa ba ya buƙata, kowa ya ga yadda ya tsira. Tsohuwar ta ci gaba da kallonsa. Daga ƙarshe ya ɗaga mini kai in je in ɗauko. Na ruga gindin mangwaro na zaɓo mafi kyau, mai ƙiba, mai santsi, wadda in da ana gasar kyau ta citta da ta ci. Da na ɗaga ciyawar na ji wani ɗan tsami-tsami a ƙasa. Na mayar da ciyawar da sauri, ban gaya wa kowa ba.

Ban yi shela ba wannan karon. Yaya ce ta buɗe fulas ɗin, ta ɗaga kwalbar sama. Rawaya ce. Ta sake gwadawa da wata daga can ɗaya gefen tarin, muka sake jira, kaji ma suka daina yawo. Ita ma rawaya.

Mutane suka watse a hankali, kowa yana cewa Allah ya kyauta ba tare da ya dubi Baba ba. Da Yaya ta ɗauko waya don ta sa sakamakon a intanet, Baba ya ce mata:

"Kada ki sa wannan a ciki."

"Baba, babu sunanka. Sunan gari ne kawai."

"Garin nan mutum nawa ne ke da iri?"

Duk da haka ta saka. Ta kuma nuna wa Mama abin da wasu masu gwajin suka rubuta daga wurare daban daban, cewa cutar tana bin wuƙa daga wannan citta zuwa waccan. Mama ba ta jira izinin kowa ba. Ta ɗaura zane ta bi gidajen matan zumunta ta ce kada su zo.

Ni da Baba muka haƙa rami nesa da rijiya, muka kwaso irin a buhuna muka zuba, muka cinna wuta. Hayaƙin yana da ƙamshi, har yanzu ba na son shayi mai citta. Amma na lura buhun da ya fi kyau bai shiga ramin ba. Bayan Yaya ta koma makaranta, Baba ya zauna shi kaɗai a bayan gida ya yanka shi da wuƙarsa, babu waƙa, ya shuka a ƙarshen gona kusa da rafi. Sauran gonar muka zuba masara.

Cittar ta fito kore shar, har na fara shirya yadda zan tsokani Yaya a waya. Da ruwa ya yi ƙarfi a tsakiyar damina, ganyen layin farko ya yi rawaya. Kafin masara ta nuna, babu ko saiwa ɗaya da ta rage.